Babi na Bakwai: Libarbar Colt, Ƙotarta da Farashinta

A ranar 27 ga Agusta, 2021, kamfanin gwanjo na Bonhams ya fito da wata tsohuwar libarba a birnin Los Angeles na Amurka. Ba ta da ado ko kaɗan. Launin ƙarfenta ya koɗe, katakon ƙotarta ya sha hannu har ya goge. Masu kimanta kaya sun yi ƙiyasin za ta kai dala miliyan 2 zuwa 3, amma da ciniki ya faɗa sai ga shi an biya dala miliyan 6.03, kuɗin da har zuwa ranar ba a taɓa biyan irinsa a kan bindiga guda a wajen gwanjo ba. Kamfanin Colt ya ƙera irinta sama da 350,000 kafin Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma yau ɗin nan ana samun 'yar'uwarta mai irin shekarunta a kan 'yan dubban daloli. Abin da ya ɗaga wannan a cikin dangi shi ne wanda ya riƙe ta. Da ita ce Pat Garrett, shugaban 'yan sandan gundumar Lincoln a New Mexico, ya harbe ƙasurgumin ɓarawon shanun nan kuma mai kisan kai, Billy the Kid, a Fort Sumner daren 14 ga Yuli, 1881.

Da a ce faɗa da baki ne kawai, da ba ta kai ko kusa da wannan kuɗi ba. Garrett ya ba wani mai gidan giya a El Paso, Tom Powers, aron ta, shi kuma ya kafa ta a shagonsa masu shigowa suna kallo. Bayan su biyun sun mutu, matar Garrett ta kai ƙara tana neman a mayar mata da kayan mijinta, kotu kuma ta ba ta gaskiya. Shari'ar nan ta bar shaidu a rubuce, sannan duk hannun da bindigar ta bi daga baya an san shi. Wanda ya biya miliyan 6 ɗin nan, takardun ya saya tare da ƙarfen. Duk kasuwar da za mu duba a wannan babi a kan tambaya ɗaya take tsaye: abin da ka faɗa game da bindigarka, me ke gare ka da zai tabbatar da shi?

Duk wanda ya shiga silima a Kano ko Kaduna ko Jos zamanin da fina-finan kaboyi ke tashe ya san siffar wannan bindiga ko da bai san sunanta ba. Tana da ganga mai gurbi shida da ke juyawa a bayan bututu. Kafin kowane harbi sai mai ita ya sa babban yatsa ya ja 'yar gudumar da ke bayanta har ta tsaya, kuma jan nan ne ke juya ganga ya kawo sabon harsashi daidai bakin bututu. Kunama ba ta da wani aiki sai sakin guduma. Lodi ma da ɗai-ɗai ake yi, ta wata 'yar ƙofa a gefen dama, kuma da ɗai-ɗai ake tunkuɗo kwanson harsashin da aka harba. Gogaggun masu riƙe ta harsashi 5 suke sawa su bar guduma a kan gurbin da babu komai, domin idan ta faɗi ƙasa da harsashi a ƙarƙashin guduma tana iya tashi da kanta. Bindiga ce mai jinkiri idan aka gwada ta da na yanzu. Masu son ta kuwa, jinkirin nan da ƙarar "ƙas" sau huɗu da take yi idan ana jan guduma a hankali suna cikin abin da suke so.

Samuel Colt, wanda sunansa ke jikinta, bai taɓa ganin ta ba. Ya sami takardar mallakar fasahar libarba a 1836, masana'antarsa ta farko a Paterson ta durƙushe a 1842, sai yaƙin Amurka da Meziko ya tashe shi a 1847 da kwangilar wata ƙatuwar libarba da ake kira Walker. Guda 1,100 kacal aka yi, shi ya sa ɗaya daga cikinsu ta kai dala miliyan 1.84 a gwanjon 2018. Colt ya kafa babbar masana'anta a Hartford, jihar Connecticut, ya mutu a 1862 yana da shekara 47. Bindigoginsa duk na ɗurin albarushi ne ta gaba. Fasahar huda ganga ta fita ta baya don a sa harsashi mai kwanso tana hannun wani tsohon ma'aikacinsa, Rollin White, wanda ya ba kamfanin Smith & Wesson izinin amfani da ita su kaɗai. Sai da wa'adin takardar White ya ƙare a 1869 injiniyoyin Colt biyu, William Mason da Charles Richards, suka sami sarari. A 1873 sojan Amurka ya karɓi abin da suka ƙera, Single Action Army, mai bututu inci 7.5. Kwangilar farko guda 8,000 ce a kan dala 13 kowace ɗaya, kuma zuwa 1891 gwamnati ta sayi sama da 37,000. Farar hula suka bi sahu, 'yan kasuwa suka laƙaba mata suna Peacemaker, aka fito da masu gajeren bututu, inci 5.5 da inci 4.75. Wajen 1878 aka yi wadda ke cin harsashi iri ɗaya da doguwar bindigar Winchester, don makiyayi ya riƙe harsashi kala guda ga bindigoginsa biyu. Ta Garrett irin wannan ce.

Masu tara ta sun kasa ta zubi uku. Zubi na farko daga 1873 zuwa 1941, guda 357,859. Bayan yaƙi kamfanin ya ɗauka zamaninta ya wuce, sai talabijin ya ƙaryata shi. Shirye-shiryen kaboyi irin su Gunsmoke, wanda aka fara nunawa a 1955, suka sa kowane yaro da ubansa suna neman ta. Wani sabon mai masana'anta, Bill Ruger, ya riga ya hango haka ya fito da tasa, Single-Six, tun 1953, ya bi ta da Blackhawk a 1955. Kamfanin Colt ya farga ya dawo da tasa a 1956, zubi na biyu ke nan, har zuwa 1974. Na uku ya fara a 1976, ana kan yi. A cikin zubi na farko ma akwai iyakoki da ke motsa farashi. Na kafin 1896 suna da 'yar kusa a gaba mai riƙe sandar ganga, alamar zamanin baƙin albarushi, kuma sai a 1900 kamfanin ya ba da tabbacin ƙarfensa zai jure albarushi mara hayaƙi. Sannan dokar Amurka ta ɗauki duk bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin haka a matsayin kayan tarihi, ana cinikinta ba tare da yawan takardun da ake nema ga sabuwa ba. Bambancin shekara guda a lamba yana iya zama bambancin kuɗi masu kauri.

Bayan shekara sai lafiyar jiki, kuma a nan ne baƙo ke yin mamaki. Bindigar da aka wanke, aka goge, aka sake rina ƙarfenta har tana ɗaukar ido, ba ta kai darajar wadda ta koɗe amma ba a taɓa ta ba. Sau da yawa gyaran nan yana cinye rabin kuɗinta ko fiye. Dillalai da kaso suke magana: wannan ta riƙe kashi 90 na launinta na asali, waccan kashi 30, waccan kuwa ta zama ruwan toka. Suna duba kaifin harufan da aka buga a bututu, domin duk wanda ya goge ƙarfe sai ya dasashe su. Suna duba kan kusoshi ko sukudireba ta taɓa yage su. Suna duba lamba a gangar jiki, da zoben da ke kare kunama, da ƙarfen bayan ƙota, su ga ko duk ɗaya ce. Tsohuwar zuma da ita ake magani, amma sai wadda ba a sirka ba.

Sai kuma takarda. Gobarar da ta cinye masana'antar Hartford a 1864 ta tafi da yawancin tsoffin kundaye, amma na bayan haka sun tsira, kuma har yanzu akwai ofishi da ke kula da su. Ka aika lambar bindigarka da kuɗi, su buɗe kundin jigila su rubuto maka wasiƙa: girman harsashi, tsawon bututu, shuɗi ce ko mai ruwan nikel, wace irin ƙota, ranar da ta bar masana'anta, da sunan wanda aka aika wa. Shafi guda ne, amma yana iya ninka farashi ko ya rushe shi. In wasiƙa ta ce an aika ta wani shago a Texas ko Arizona zamanin da ake kora shanu, kuɗi ya hau. In ta ce an yi mata zayyana a masana'anta, ya hau sosai, domin waɗanda suka fito da zane daga hannun masu zayyanar kamfanin irin su Cuno Helfricht 'yan ƙalilan ne a cikin dubban ɗaruruwan nan. In kuwa bindiga tana sheƙi da zane da haure, wasiƙa ta ce shuɗiya ce mai baƙar ƙota ta fita, to duk adon nan na baya ne, kuma mai saye zai biya kuɗin ado ne kawai, ba na tarihi ba.

Wannan ya kawo mu ga ƙota, inda ni a ganina duk daɗin lamarin yake. Ita kaɗai ce ɓangaren da ke taɓa fatar mutum, ita ce mafi sauƙin canzawa, don haka ita ce ke nuna halin mai bindiga, kuma ita ce aka fi yin ƙarya da ita. Siffarta an gaje ta daga libarbar Colt ta 1851: siririya a sama, ta lanƙwaso ta buɗe a ƙasa kamar mariƙin garmar shanu. Idan harsashi ya tashi, bindigar tana mirginawa sama a cikin tafi maimakon ta doki wuyan hannu, sai guduma ta zo daidai babban yatsa don harbi na gaba. Shi ya sa masu wannan bindiga suka fi son ƙota mai santsi. A 1894 aka fito da wata mai ƙota da ta fi miƙewa ƙasa don masu gasar harbin bara, aka sa mata sunan filin gasa na Bisley da ke Ingila, kuma har yau masu harba manyan harsasai suna gardama a kan wacce ta fi sauƙi a hannu.

Ta soja katako ce guda ɗaya na itacen walnat, an fafe tsakiyarta ta shige tsakanin ƙarafa biyu, ba kusa ko ɗaya a jikinta. An shafe ta da mai, sufeton gwamnati ya buga hatiminsa a gefe, harufan sunansa a cikin ɗan zobe. A cikin kwarmin bayanta, inda ba a gani sai an kwance, ma'aikaci ya rubuta ƙarshen lambar bindigar da tawada. Rubutun nan na wani leburan da ba a san sunansa ba, wanda ya yi don kada kaya su cakuɗe masa a kan teburi, yau shi ake haska wa fitila ana riƙe numfashi. Daga 1882, ga na farar hula, kamfanin ya koma baƙar roba mai tauri, ɓari biyu da kusa a tsakiya, da hoton ɗan doki a tsaye a sama da gaggafa a ƙasa. A 1896 aka cire gaggafar. Robar nan da tsufa takan rikiɗe ta koma ruwan ƙasa, kuma masana sun fi yarda da wadda ta rikiɗe.

Dalilin rubuta lamba shi ne babu ƙota biyu da suke daidai. Da hannu ake goge ƙarfen kowace bindiga tare da ƙotarta, saboda haka ta wannan ba ta zauna wa waccan ba. Wannan ne ya raya sana'ar masu sassaƙa ƙota har zuwa yau, yawancinsu mutum ɗaya ne a ɗan shago a bayan gida. Mai sana'ar kirki ba zai yarda ka aiko masa da awo ba, sai dai ka aiko ƙarfen ƙotar kansa. Zai zaɓi katakon da ya daɗe yana bushewa don kada ya janye daga baya, ya tsaga shi yadda zanen ɓari biyu zai kalli juna, ya daidaita ciki har haske ba ya ratsawa tsakanin itace da ƙarfe, sannan ya bi waje da zarto da yashin takarda. Gwajin ƙarshe da farce ake yi: ka ja shi daga ƙarfe zuwa itace, in ya maƙale aiki bai kammala ba. Yana tambayar girman tafin mai ita, ya rage kauri a sama ko ya ƙara ciki a gefen da ke cika hannu. Ana jira watanni, ana biya daga 'yan ɗaruruwan daloli zuwa sama da dubu. Aikin nan ya cancanci girmamawa, ko da mutum ba ruwansa da bindiga.

Kayan yin ta kuma kowanne da masoyansa. Ɓawon kawa mai walƙiya ya yi tashe a Texas da Meziko, ana sassaƙa masa kan bijimi ko gaggafar Meziko, sai dai yana da nauyi, kuma in ya faɗi ya tsage. Ƙahon barewar Indiya da ake kira sambar yana da kaushi mai kyau a ido, ya yi tsada tun da Indiya ta taƙaita fitar da shi. Akwai ƙahon ɓauna baƙi wuluk, akwai ƙahon ragon dutse. Amma sarkinsu duka hauren giwa ne. Yana da ɗumi a hannu, ba ya zamewa da gumi, kuma da shekaru yana komawa ruwan zuma da 'yan tsage-tsage a gindi. George Patton, tun yana laftanar a 1916, ya sayi Colt mai ruwan azurfa da zane a El Paso, ya tafi da ita farautar mutanen madugun 'yan tawaye Pancho Villa a Meziko, ya riƙe ta har yaƙin Turai yana janar. Ƙotarta haure ce da harufan sunansa, kuma an san shi da fusata idan wani ya ce ɓawon kawa ne. Ta tsohon shugaban ƙasar Amurka Theodore Roosevelt, ƙirar 1912, mai haure da kan bijimi, ta kai kusan dala miliyan 1.47 a gwanjon Rock Island a Disamba 2020. Ƙotar nan mai ruwan ɗorawa da ake gani a ƙugun John Wayne a fina-finansa kuwa, wadda ta sa dubban mutane sha'awar haure, roba ce ta masana'anta.

Yaya ƙota ke taɓa farashi? Ƙa'idar a fili take, ko da yake masu sabon shiga ba sa son jin ta. Haure ko ɓawon kawa da wasiƙar kamfani ta ambata yana ƙara daraja ƙwarai. Wanda aka sa daga baya, komai kyansa, iyakarsa kuɗin kansa, sau da yawa ma bai mayar da abin da aka kashe ba. Idan kuma wajen sa shi aka jefar da ƙotar asali, an yi asara biyu. Saboda haka masu hankali, in sun sa sabuwa don jin daɗin hannu, sukan ɗaure tsohuwar a 'yar jaka su rubuta lambar bindiga a kai. Haka ma a wajen Ruger. A 1973 kamfanin ya canza cikin bindigoginsa ya sa wani ƙarfe da ke hana su tashi in sun faɗi, daga baya ya yi tayin gyara tsofaffin kyauta, yana mayar wa mai su da tsoffin kayan ciki. Yau masu tara tsoffin Ruger masu kusa uku sai sun tambayi jakar kayan nan, da kwalin asali, kafin su taya.

Ba zan wuce maganar haure da yabo kawai ba, domin kowace ƙotar haure giwa ce ta mutu. Haure bai yi wa Hartford nisa ba. A gangaren kogin Connecticut akwai garuruwa biyu, Deep River da Ivoryton, da suka zama cibiyar sarrafa haure a Amurka, suna yin matsefai da maɓallan fiyano. Mafi yawansa ta Zanzibar ya bi, kuma a kan kafaɗun bayi ya iso gaɓar teku daga tsakiyar Afirka. Mu ma muna da hannu a cinikin. A ƙarni na 19 fataken Hausa suna ɗauko haure daga Adamawa da kudancinta, wani ya bi ayari daga Kano ya ƙetare Sahara zuwa Tarabulus, wani a sayar wa kamfanonin Turawa a bakin Binuwai. Sakamakon yana gabanmu: giwayen da suka rage a duk Najeriya 'yan ɗaruruwa ne, kuma garken Yankari a Bauchi yana cikin na ƙarshe. A 1989 ƙasashen yarjejeniyar kare namun daji ta CITES suka haramta cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe. A Yuli 2016 Amurka ta kusan rufe cinikinsa tsakanin jihohinta, ta bar ƙofa ga kayan da suka haura shekara 100 masu takardar shaida, da wasu kayan da hauren jikinsu bai kai giram 200 ba bisa sharuɗɗa. New York da New Jersey da California sun ƙara tsaurarawa. A Janairu 2024 gwamnatin Najeriya ta niƙe tan 2.5 na hauren da aka kama, a Abuja.

Wasu masu tara bindigogi suna kukan cewa dokar ta rage wa kayan gadonsu daraja, alhali giwar ta mutu tun kafin a haifi kakanninsu. Kukan yana da ƙamshin gaskiya, amma ban goyi bayansu ba. Muddin ana iya sayar da "tsohon" haure ba takarda, sabo zai shigo ya sha shayi ko hayaƙi ya fito da launin tsufa. Masu sassaƙa sun koma wasu kayan: farin katakon holi, robobin da ke kwaikwayon haure, ƙashin raƙumin dawa, wanda shi ma aka sa cinikinsa ƙarƙashin sa ido a 2019, da hauren mamot, wata giwa mai gashi da ta ƙare a duniya, wanda ake haƙowa daga daskararriyar ƙasar Saiberiya da Alaska. Jami'an bincike suna bambance shi da na giwar yau ta wasu layuka da ke gicciye juna a cikin hauren: a na mamot kusurwarsu matsattsiya ce, a na giwa a buɗe take. Ƙotar haure da ta zo da bindiga tun 1880 a bar ta inda take. Sabuwa kuwa babu hujjar yin ta.

Inda kuɗi ya taru, maƙaryata ba sa nisa. Bindigogin sojan doki na farko, masu hatimin sufeto Orville Ainsworth, su ne abin nema, musamman waɗanda lambarsu ta faɗa cikin rukunin da aka raba wa rundunar George Custer kafin yaƙin Little Bighorn na Yuni 1876, inda mayaƙan Lakota da Cheyenne suka hallaka shi da mutanensa sama da 200 suka kwashe makamansu. Daga 1895 gwamnati ta tattara tsoffin bindigoginta, ta rage bututunsu zuwa inci 5.5, ta harhaɗa su ba tare da kula da lamba ba. Don haka cakuɗaɗɗiyar lamba a irin waɗannan halas ce. Sai 'yan damfara suka riƙa mayar musu da dogon bututu, suna sake buga lambobi, suna ƙera hatimin sufeto su danna a sabuwar ƙota su tsufar da ita. Shi ya sa wasiƙar wani masani, John Kopec, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana nazarin waɗannan bindigogi, ta zama kamar sharaɗi kafin a biya babban kuɗi. Ƙaryar ma ba ta yau ba ce. Wani marubuci, Stuart Lake, ya rubuta a 1931 cewa an yi wa shahararren ɗan sanda Wyatt Earp libarba ta musamman mai bututu inci 12, amma masu bincike ba su ga alamar odar a kundin Colt ba. Duk da haka labarin ya yi ƙarfi har kamfanin ya shiga ƙera irinta yana sayarwa. Ana kuma ba da labarin Bat Masterson, tsohon ɗan sandan Dodge City da ya koma aikin jarida a New York, cewa yakan sayi tsohuwar Colt a shagon jingina, ya yi mata tsage a ƙota alamar mutanen da ta kashe, ya ba mai naci. Sayen bindiga a kan labari cinikin biri a sama ne.

Masu kuɗin irin waɗannan 'yan tsiraru ne. Yawancin masu sha'awar suna ƙasa, inda ake sayen kwaikwayon da ake yi a Italiya. Aldo Uberti ya kafa masana'antarsa a 1959 a Gardone Val Trompia kusa da Brescia, kuma bindigoginsa suna kan 'yan ɗaruruwan daloli. Da su da Vaquero ta Ruger, wadda ta fito a 1993, 'yan ƙungiyar wasan harbi ta Single Action Shooting Society suke gasa sanye da kayan kaboyi. Su ne ainihin masu riƙe da sana'ar ƙota, domin ba wanda zai ji ciwon canza ƙotar bindigar da aka ƙera bara. A matsayin jari kuwa, ina ganin a yi hattara. Colt mai lamba 1 an sayar da ita dala 242,000 a 1987, aka sake sayar da ita 862,500 a 2009, kuma irin wannan labari shi ake yayatawa. Ba a yayata na matsakaitan bindigogi, waɗanda kamfanin gwanjo ke cire la'ada daga mai saye da mai sayarwa, ga kuɗin inshora da na ajiya. Mutanen da suka tashi da fina-finan kaboyi kuma suna tsufa, tarinsu yana dawowa kasuwa. Na ƙoli masu takarda za su ci gaba da hawa. Na tsakiya ba wanda zai rantse a kansu.

Na san ina rubuta wannan ga masu karatu da kalmar bindiga ta zame musu kalmar makoki, a Zamfara da Katsina da Sakkwato da ƙetaren iyaka a Maraɗi. Ba na son a ɗauka ana yi wa makami kirari ne. Bindigar nan da ake sa wa safar hannu kafin a taɓa, da ita da irinta aka kori 'yan asalin Amurka daga ƙasarsu, har zuwa kisan Wounded Knee a 1890, kuma abin takaici ne cewa jini yana ƙara mata farashi. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin haramtattun makamai da ba a riƙewa sai da izinin shugaban ƙasa, tsohuwa ce ko sabuwa. Wannan tari ba namu ba ne, kuma kada wani ya nemi shiga cikinsa.

Abin da ya dace mu ɗauka daga wajensu shi ne rubutu. A gidajen sarauta da na tsoffin mayaƙa da maharba akwai takubba, da masu, da kwalkwali, da sulke, da ake cewa wannan ya je yaƙi kaza a hannun wane. Mafi yawansu shaidarsu tana bakin tsoho ɗaya ko tsohuwa ɗaya. Mai karatu, in akwai irin wannan a gidanku, kada ka kai shi a kankare tsatsa har zanen maƙeri ya tafi, kada ka canza masa ƙota ko kube ka yar da na asali. Ka zauna da wanda ya san labarinsa tun yana da rai, ka rubuta sunan mai shi na farko da duk hannun da ya bi, ka sa kwanan wata da sunayen shaidu, ka ɗauki hoto, ka ajiye takardar tare da shi.